ATR 42 ko ATR 72: wane samfuri ne zai iya zirga-zirgar Sakkwato zuwa Abuja a tsakiyar bazara?

Lamarin da za mu duba shi ne na kamfanin da ke son ɗaukar hayar jirgi mai farfela guda ɗaya don ya riƙa tasowa daga Abuja da hantsi, ya sauka filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato wajen azahar, ya juya da misalin ƙarfe biyu na rana, kullum, rani da damina. Dillalan haya sun kawo jirage huɗu, dukkansu 'yan gida ɗaya: ATR 72-202, da ATR 72-500, da ATR 72-600, da ATR 42-600. A takardar talla ukun farko duk "ATR 72" ne, kuma wanda ya hango su daga zauren jiran fasinja da wuya ya bambance su. Amma a ranar Afirilu da ma'aunin zafi ya nuna digiri 43, ba za su ɗauki kaya iri ɗaya ba, kuma bambancin ana biyan sa ne da fasinjan da za a ce masa ya haƙura sai gobe.

Kamfanin ATR an kafa shi a 1981 tsakanin Faransa da Italiya, yau Airbus da Leonardo ne ke da shi rabi da rabi, ana kuma haɗa jiragen a birnin Tulus. ATR 42 ya fara tashi a Agustan 1984, ya shiga aiki a ƙarshen 1985. ATR 72 ya biyo baya a Oktoban 1988, ya fara ɗaukar fasinja da kamfanin Finnair a 1989. An ƙara wa gangar jikin mita 4.5, daga 22.67 zuwa 27.17, faɗin fukafukai ya tashi daga mita 24.57 zuwa 27.05, man da tankuna ke ɗauka kuma daga kilo 4,500 zuwa 5,000. A Najeriya ba baƙo ba ne: Overland Airways da Green Africa sun yi aiki da shi, rundunar sojin sama ma tana da ATR 42 na sintirin teku.

Abin da ke rikita masu saye shi ne sunan kasuwa daban, sunan da ke cikin takardar shaidar jirgi daban. Jirgin da ake kira 72-500 da wanda ake kira 72-600, a hukumance dukkansu ATR 72-212A ne. Na biyun an yi masa sauyi mai lamba 5948, wanda ya kawo allunan kwamfuta biyar na kamfanin Thales a gaban matuƙa a maimakon tsofaffin agogunan. Haka ATR 42-600 ma, a takarda ATR 42-500 ne mai wannan sauyin. Saboda haka idan dillali ya aiko da takarda mai ɗauke da "72-212A" kawai, bai faɗi komai ba tukuna. Sai an ga jerin sauye-sauyen da aka yi wa wannan jirgin da lambarsa, an ga farantin da ke jikin kowane inji, an ga rahoton awon nauyinsa na ƙarshe. Sa hannu kafin ganin waɗannan cinikin biri a sama ne.

Titin Sakkwato ba shi ne matsalar ba

Da yawa suna fara tambaya ko titin zai isa. Zai isa, har da ragi mai yawa. Titin Sakkwato mita 3,000 ne, shi kuwa ATR 72-600 cike da kaya yana bukatar tsakanin mita 1,300 da 1,400 a matsakaicin yanayi, ATR 42-600 kuma ƙasa da 1,200. Ko zafi ya ƙara tsawon gudun, ba za a kai ƙarshen kwaltar ba.

Matsalar tana sama, 'yan daƙiƙu bayan ƙafafun sun bar ƙasa. Doka ta ce jirgi mai inji biyu dole ya iya ci gaba da hawa da inji ɗaya idan ɗayan ya mutu a lokacin tashi, kuma bayan an naɗe ƙafafu hawan kada ya gaza kashi 2.4 cikin ɗari, wato mita 24 sama a kowane mita 1,000 na tafiya gaba. Nauyin da jirgi zai iya cika wannan sharaɗin da shi yana raguwa idan iska ta yi zafi. Filin Sakkwato yana kan tudun kimanin ƙafa 1,000 daga teku. A lissafin da masu ƙera jirgi ke ɗauka a matsayin ma'auni, zafin wannan tudun digiri 13 ne. Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ba da 43, an haura ma'aunin da digiri 30, kuma kowane digiri ɗaya kamar an ƙara wa tudun filin kusan ƙafa 120 ne. Ke nan fiffike da farfela da inji suna aiki kamar a filin da ke ƙafa 4,600, sama da tudun filin jirgin Jos.

Nan ne harafin da ke ƙarshen sunan inji yake zama kuɗi. Duk injinan na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada ne. ATR 72-202 yana da PW124B mai ƙarfin doki 2,400 da farfela mai reshe huɗu. Saboda ƙorafin ƙasashe masu zafi da tudu aka fito da 72-211 da 72-212 masu PW127 mai doki 2,750. Daga 1997 aka samu 72-500 da PW127F da farfela mai reshe shida, faɗinta mita 3.93. Sai PW127M, sai PW127N, sai PW127XT da aka fara miƙa wa Air Corsica a 2022. Daga F zuwa N duk doki 2,750 ne a rubuce, shi ya sa mai duba jadawalin talla ba ya ganin bambanci. Bambancin shi ne zafin da injin zai kai yana riƙe da wannan ƙarfin kafin ya fara sarewa: a gaɓar teku, F yana riƙewa zuwa wajen digiri 35, M zuwa wajen 39, N zuwa wajen 44. A kan tudun ƙafa 1,000 dukkan waɗannan alkaluman suna sauka kaɗan. To, a digiri 43 injin F ya riga ya yi nisa da barin cikakken ƙarfinsa, M ya ɗan rage, N kuwa yana bakin iyakarsa. Akwai 72-500 na baya-baya da suka fito da PW127M, akwai kuma waɗanda aka yi wa canji, don haka "500" shi kaɗai ba ya nuna wane inji ne a ciki.

Yadda tsarin yake: a tashi na yau da kullum kowane inji yana ba da doki 2,475, kashi 90 cikin ɗari. Idan ɗaya ya mutu, na'urar ATPCS, mai kula da ƙarfin inji lokacin tashi, tana ɗaga mai lafiyar zuwa 2,750, bayan kimanin daƙiƙa biyu kuma ta juya rassan farfelar da ta mutu su fuskanci iska da gefensu don kada su ja jirgin baya. Wannan ƙarfin da ake dogaro da shi idan inji ɗaya ya mutu shi ne zafi ke ragewa. Matuƙa suna iya ceto wani abu ta hanyar rufe iskar da ake zuƙa daga inji zuwa na'urar sanyaya ɗaki yayin tashi, fasinja su sha zafi na 'yan mintuna, amma abin da ake samu da iyaka.

ATR 42-600 yana cin riba a nan ta wata hanya. Injinsa PW127M ne, irin na babban, sai dai an ƙayyade shi a doki 2,400. Tunda ba a matsa masa zuwa ƙarshen iyawarsa, yana da sauran numfashi a rana mai zafi.

Lissafin nauyi, kilo bayan kilo

Alkaluman da ke tafe na aiki ne, an zagaye su don a ga yadda lissafin ke tafiya. Na ainihi suna cikin littafin kowane jirgi, kuma su ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA za ta nema.

Tsakanin filin Sakkwato da na Abuja kimanin kilomita 490 ne a miƙe. ATR 72-600 yana gudun kusan kilomita 510 a awa idan ya daidaita a sama, tafiyar duka da hawa da sauka ba ta wuce awa ɗaya da minti 20. A ɗauka zai sha kilo 850. A ƙara 400 na karkata zuwa Kaduna idan Abuja ta ƙi, da 300 na ajiyar minti 30 da doka ta wajabta, da 50 na ko-ta-kwana. Kilo 1,600 ke nan a tanki lokacin barin Sakkwato, kusan lita 2,000. Jirgin babu fasinja babu mai, amma da ma'aikata da kayan aiki, a ce kilo 13,600. Fasinja 70, kowa da kayansa kilo 95, sun zama 6,650. Jimilla kafin mai 20,250, ƙasa da iyakar 21,000 da aka yarda wa wannan samfurin. Da mai, 21,850. Iyakar tashi mafi girma ita ce 23,000. A ido akwai sarari na kilo 1,150.

Wannan sararin na ƙarfen jirgi ne, ba na zafi ba. Ma'aikacin da ke shirya takardar lodi zai buɗe jadawalin filin Sakkwato, ya bi layin digiri 43, ya ga nauyin da aka yarda. Idan, alal misali, jadawalin jirgi mai injin F ya tsaya a 21,300, an yi sama da kilo 550, fasinja shida za su sauka ko kuma a bar kayansu. Idan jirgi mai M ko N ya ba da abin da ya haura 21,850, kowa ya tafi. Wannan shafi ɗaya, na kowane jirgi daga cikin huɗun, shi ya kamata a fara nema daga dillali, da digiri 40 da 43 da 45, kafin a yi maganar kuɗin haya.

Sai batun mai. Idan babu tabbacin samun man jirgi na Jet A-1 a Sakkwato kowace rana, ko farashinsa ya yi nisa da na Abuja, kamfani zai so ya ɗauko man dawowa tun daga Abuja. Lissafin ya koma haka: 850 na zuwa, 1,600 na dawowa da ajiyarsa, da kimanin 100 da za a ƙona a ƙasa. Kilo 2,550. A ɗora kan 20,250, an samu 22,800 a titin Abuja. Jirgin 72-600 mai iyakar 23,000 ya wuce da ragin 200, kuma zai sauka Sakkwato da 21,950, ƙasa da iyakar sauka ta 22,350. Jirgin 72-500 da takardarsa ta tsaya a 22,500 ya yi sama da 300, wato kujeru huɗu babu kowa a kowace tafiya. Akwai 72-500 da aka ɗaga zuwa 22,800, akwai kuma na farko-farko masu 22,000. Kowanne da takardarsa.

Kilo 95 ɗin ma akwai tausayi a ciki. Fasinjan wannan hanya akwai 'yan kasuwa, akwai masu haɗa tafiya zuwa Umara ta Abuja, akwai iyalai masu komawa bayan biki da akwatuna da jakunkunan tsaraba. Idan matsakaicin ya koma 100, an ƙara kilo 350, kuma ko 72-600 ɗin ya haura iyaka da 150. Wurin kayan ma ba a ƙarƙashin bene yake ba. Ɗaki ɗaya ne tsakanin matuƙa da fasinja, ɗaya kuma a can baya, don haka sau da yawa wuri ke cika kafin nauyi ya cika. Fasinja suna hawa ta ƙofar baya, shi ya sa ake saƙala wa ATR 72 sandar tokare a ƙarƙashin wutsiya. Idan aka sauke kayan gaba alhali mutane sun taru a baya suna jiran fita, hancin jirgi na iya ɗagawa. Ma'aikatan ƙasa da suka saba da Boeing 737 sai an koya musu wannan tun ranar farko.

Shi kuwa 72-202, iyakarsa 21,500 ce a asali, wasu 22,000. Da kujeru 66 da man dawowa ya riga ya taɓa iyakar tun a Abuja, ga ƙarancin doki 350 a kowane inji idan ya zo tashi daga Sakkwato, ga shekaru kusan talatin ko fiye a jikinsa. Arhar hayarsa ba ta biyan wannan. A ajiye shi gefe.

ATR 42-600: a ce 11,700 babu kaya, fasinja 48 sun kawo 4,560, jimilla 16,260. Iyakar tashi 18,600, saura 2,340 na mai. Man zuwa da dawowa wajen 2,400 ne, don haka kujera ɗaya ce ke cikin haɗari, ba huɗu ba. Raunin sa a wani wuri yake. Matuƙa biyu ne kamar na babban, injina biyu iri ɗaya da kuɗin gyaransu, man da yake sha bai ragu da yawa ba, amma kujeru 22 sun tafi.

Minti arba'in a kan kwalta

ATR ba shi da ƙaramin injin wutsiya da manyan jirage ke kunnawa a ƙasa don wuta da sanyi. Abin da yake da shi birki ne a farfelar injin dama: injin yana aiki, farfelar tana tsaye, yana ba da wuta da iskar sanyaya ɗaki. Matuƙa suna kiran wannan tsayuwar otal. Tana da amfani ƙwarai a filin da babu tabbacin janaretan ƙasa, amma tana da sharuɗɗa. Iska daga baya kada ta wuce ƙulli 10, wato kusan kilomita 18 a awa, domin tana mayar da hayaƙi mai zafi cikin rufin inji har ƙararrawar zafi ta kaɗa. Saboda haka yadda za a ajiye jirgin ya dogara da inda iska ke fitowa, kuma a Sakkwato tana juyawa da kakar shekara: daga arewa maso gabas a hunturu, daga kudu maso yamma a damina. Ƙofar hidima ta baya tana gefen dama, daidai inda hayaƙin ke bi, bakin zuba mai ma yana gefen dama. Kamfanin da ya sayi janaretan ƙasa da motar hura sanyi ya ajiye a Sakkwato zai huta da yawancin wannan, kuma zai rage wa injin dama awannin da ba na tafiya ba.

Hazo da ƙanƙara

Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ya sauka, lissafin hawa ya yi sauƙi, sai hazo ya karɓi wurin. Filin Birnin Kebbi yana da kusa, kilomita ɗari da 'yan kai, amma ƙurar da ta rufe Sakkwato galibi ta rufe shi, don haka ba madogara ba ne. Kano tana kilomita 370, man karkata zuwa can ya kai wajen kilo 650, ita ma tana shan nata hazon. A nan ɗauko man dawowa daga Abuja yana biyan bukata biyu, tunda shi ne zai mayar da jirgin gida idan titi bai bayyana ba. Samfurin 600 ya fi dacewa da saukar da ake bi da tauraron ɗan'adam, kuma ana iya sa masa na'urar ClearVision mai taimaka wa matuƙi gani a duhun yanayi, amma ba kowane 600 ke da ita ba, kuma sai hukuma ta amince wa kamfanin da matuƙansa.

Ƙurar tana cin jirgi a hankali. Tana goge bakin rassan farfela, tana taruwa a rassan cikin inji har zafin aikinsa ya riƙa hawa, tana toshe na'urar sanyaya ɗaki. Injin da ya yi datti shi ne zai gaza ba da cikakken ƙarfinsa idan Afirilu ta zo. Maganin wanke cikin inji akai-akai ne da tsaftataccen ruwan da aka tace, da rufe bakin inji da bututun awon gudu duk lokacin da jirgi zai kwana, da bin alkaluman zafin inji mako-mako. A yarjejeniyar haya a duba wa zai biya idan aka cire inji kafin lokacinsa saboda yashi.

Abin da mutanen ƙasa mai zafi ke rainawa shi ne ƙanƙara. Wannan jirgin ba ya wuce ƙafa 25,000, yawancin tafiyarsa tsakanin 16,000 da 20,000 ne, kuma a damina wannan shi ne daidai inda ruwan cikin gajimare ke daskarewa a jikin fiffike. Kariyarsa robobi ne a bakin fiffike da ake hurawa su kumbura su fasa ƙanƙarar. Faɗuwar wani ATR 72 saboda ƙanƙara a Roselawn ta Amurka a Oktoban 1994 ta sa aka faɗaɗa robobin, kuma jirgin Voepass da ya faɗi a Brazil a Agustan 2024 da mutum 62, samfurin 72-500, yana ƙafa 17,000 ne cikin yanayin ƙanƙara mai tsanani. Rana da yashin Sakkwato suna busar da robobin su tsattsage. Injiniya ya bi su da hannu da fitila kafin damina, ya gwada kumburinsu, kada a ɗage gyaransu da hujjar cewa nan ba Turai ba ce.

Haɗa samfura biyu a gida ɗaya

Wani zai ce a ɗauki 42 yanzu, idan kasuwa ta buɗe a ƙara 72. Shawara ce mai kyau, domin lasisin matuƙa ɗaya ne ga duka biyun, sai ɗan horon bambanci, musamman tsakanin 500 da 600, kuma mafi yawan kayan gyara ɗaya ne. Haɗarin yana cikin 'yan kayan da suka yi kama amma ba ɗaya ba. Ranar 6 ga Agustan 2005 jirgin Tuninter, ATR 72-202, ya taso daga Bari a Italiya zuwa Jarba a Tunisiya, injinansa biyu suka mutu, ya faɗa teku kusa da Palermo, mutum 16 cikin 39 suka rasu. A daren da ya gabata an canza masa agogon mai, aka sa na ATR 42. Ya shiga ramin daidai, ya kama wuta daidai, amma lissafinsa na ƙananan tankuna ne, har yana nuna kilo 1,800 alhali tankunan babu komai. Duk ma'ajin da ke riƙe da kayan samfura biyu dole ya tabbatar da lambar kaya a littafin wannan jirgin da kansa, kuma a kowane shan mai a gwada litar da motar mai ta zuba da abin da agogo ya ƙaru da shi. Da an yi wannan gwajin da gaske a wancan karon, da an gano.

Hukuncin da lissafin ya bayar

Idan binciken kasuwa ya nuna fasinja 55 zuwa sama a yawancin ranaku, ATR 72-600 mai iyakar kilo 23,000 shi ne zaɓi, da injin M aƙalla, N ko XT idan an samu. Idan 35 zuwa 45 ne, ATR 42-600 zai tafi da kowa a kowane wata ba tare da an sauke kaya ba, kuma ya fi a yi ta yawo da kujeru 25 babu mutane. ATR 72-500 yana shiga ne kawai idan farantin injinsa ya nuna M, takardarsa ta nuna 22,800, kuma ragin hayar ya fi kuɗin kujerun da za a rasa daga Maris zuwa Mayu.

Akwai gyara biyu da ba su shafi samfuri ba, kuma sun fi canza jirgi arha. Na farko a mayar da tashin Sakkwato kafin ƙarfe tara na safe, lokacin da zafi bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba ko a Afirilu, wanda ke nufin jirgin ya kwana a Sakkwato, da kuɗin masaukin ma'aikata da injiniya ɗaya da zai zauna a can. Amma a hunturu hazo ya fi kauri da safe, don haka jadawalin bazara da na hunturu bai kamata su zama ɗaya ba. Na biyu a ƙulla yarjejeniyar mai a Sakkwato da za ta tabbatar da lita 1,100 zuwa 1,200 kowace rana. Wannan yana cire kusan kilo 950 daga nauyin tashi a Abuja, kuma da shi 72-500 mai iyakar 22,500 ma zai bar Abuja a cike, sai jadawalin zafin Sakkwato kaɗai ya rage masa.